Nijar ba ta da teku, amma daga teku daminarta ke tasowa

A ce yau wani matashi da ya kammala lisansi a fannin fizik a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ya tattara takardunsa ya nufi inda ake raba bursi, ya ce shi ilimin teku yake son ya je ya karanto, da wuya ya fito daga wurin ba a yi masa dariya ba. Wani zai tambaye shi ko tekun Tenere yake nufi, wani kuma ya ba shi shawara ya fara zuwa tafkin Madarunfa ya koyi iyo tukuna. Masu dariyar suna da abin kafa hujja: Nijar ba ta da ko taƙi ɗaya na gaɓar teku, daga Yamai zuwa Kwatanu tafiyar sama da kilomita 1000 ce, kuma ƙasar da yaranta ke karatu a cikin rumfunan zana tana da buƙatun da suka fi wannan gaggawa. Duk da haka dariyar ba ta kan hanya, kuma ƙasar ta jima tana ɗanɗana kuɗarta ba tare da ta san daga inda ciwon ya fito ba.

Allah ne mai saukar da ruwa, wannan babu jayayya a cikinsa, amma Ya sanya wa abin sababi, kuma sababin yana farawa ne a tekun Atlantika. Idan bazara ta kama, Sahara ta ɗauki zafi, iskar da ke samanta takan yi sama, sai iska mai laima ta taso daga mashigin tekun Gine ta nufo arewa don ta cike gurbin. A cikin watannin Mayu da Yuni wani ruwa mai sanyi yakan taso daga ƙarƙashin teku ya bazu a saman mashigin, zafin ruwan ya sauka daga wajen digiri 28 zuwa wajen 24. Wannan bambanci tsakanin teku mai sanyi da tudu mai zafi yana cikin abin da ke ingiza hadari ya bar gaɓar Abijan da Akara da Legas ya hauro Sahel, galibi a ƙarshen Yuni. Idan ruwan mashigin ya ƙi yin sanyi kamar yadda ya saba, hadarin yakan maƙale a kudu: mutanen gaɓa su sha ambaliya, manomin Dakwaro da na Tanut su yi ta ɗaga kai sama suna sake binne iri. A 1984 ruwan mashigin Gine ya yi ɗumi fiye da ƙima, kuma kowane dattijo a ƙasar nan ya san abin da ya faru a 1984. Mutane sun raɗa wa waccan yunwa sunan El-Buhari saboda rufe iyaka da Najeriya ta yi, kuma ba su yi ƙarya ba, rufe iyakar ya ƙara wa wuta mai. Sai dai wanda ya hana ruwan sauka tun farko yana can kudu da Kwatanu. A Yunin 1985 kogin Isa ya daina gudu a Yamai.

Abin da ya kamata ya fi ci wa ƴan ƙasa tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka yi shekaru ana ɗora laifin farin a kan talaka. Bayan farin 1973, wanda yana cikin abubuwan da suka share wa sojoji hanya suka kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, wani babban masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya fito a 1975 da bayanin cewa dabbobi sun cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari tana mayar da hasken rana sama, shi ya sa hadari ya daina haɗuwa. Bayanin ya karɓu. Aka tafi da wannan tunani taron yaƙi da hamada na Nairobi a 1977, ya shiga bakin masu ba da agaji, ya sauko har ƙauye a hannun ma'aikacin gandun daji mai cin tarar manomin da ya sare reshe a gonarsa. Makiyayi ya zama mai laifi, mai tara itacen girki ta zama mai laifi. Ba a ce kula da itatuwa aikin banza ba ne. Taron Maraɗi na Mayun 1984 a kan gurgusowar hamada da kuma gawo da sauran itatuwan da manoman Maraɗi da Damagaram suka raya a gonakinsu, kimanin hekta miliyan 5, abin alfahari ne. Amma tun 1978 wani masani mai suna Peter Lamb ya fara nuna alaƙar farin Sahel da zafin ruwan Atlantika. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa na hukumar meteyo ta Ingila suka nuna cewa shekarun fari suna zuwa ne idan tekunan kudancin duniya sun fi na arewa ɗumi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta a Amurka suka ba kwamfuta zafin tekunan duniya kawai na shekarun 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata komai game da awaki ko gatari ba, sai ga lissafin ya fito da shekarun wadata na 1950 da shekarun fari na 1970 da 1980 kusan yadda aka gan su. Daga baya wasu bincike suka nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, wanda ya sanyaya arewacin Atlantika a wancan zamani, yana da hannu a ciki.

A duba waɗannan sunaye. Babu ɗan Sahel ko ɗaya a cikinsu. Baƙo ne ya tuhumi makiyayi, baƙo ne kuma ya zo ya sassauta masa tuhumar bayan shekara kusan talatin, ƙasar da abin ya shafa tana zaune tana sauraron hukunci kamar wanda aka kai kotu ba ya jin yaren alƙali.

Abin ban takaici, Yamai ba baƙuwar wannan ilimi ba ce. A nan ƙungiyar CILSS ta kafa cibiyar AGRHYMET a 1974, a nan kuma cibiyar ACMAD mai kula da yanayin Afirka baki ɗaya ta fara aiki a 1992. Tun 1998 masana na yankin suke haɗuwa kafin damina su fitar da hasashe: ko ruwa zai yi yawa, ko zai fara da wuri, ko za a samu dogon tsaiko bayan shuka. Ma'aikatan meteyo da masanan ruwan kogi na ƙasar nan suna cikin masu wannan aiki, kuma akwai gwanaye a cikinsu. Amma kayan miyar farko da ake zubawa a wannan tukunya shi ne zafin ruwan teku: na mashigin Gine, na arewacin Atlantika, na tekun Indiya, na Bahar Rum, da na tekun Pasifik inda El Nino ke tasowa. Kuma alaƙar ba tsayayyiya ba ce, abin da ya yi aiki a shekarun 1960 ya sauya fuska bayan 1980, wani lokaci teku ɗaya ya ja gabas ɗaya ya ja yamma. Wanda bai san halin teku ba sai dai ya karɓi taswirar da aka aiko masa daga Tuluz ko Washinton ya karanta launinta. Ba zai iya cewa lissafin ya yi kuskure a wuri kaza ba, alhali masu yin lissafin da kansu sun yarda cewa mashigin Gine yana cikin wuraren da kwamfutocinsu suka fi yin tuntuɓe, suna ba ruwan zafin da ba shi da shi.

Kada ɗan kasuwa ya ɗauka wannan zancen malaman jami'a ne. Mai sayen gero a kasuwar Maraɗi ya adana, da hukumar OPVN mai tanadin cimaka, da manomin da zai zaɓi tsakanin iri mai saurin nuna irin HKP da irin gargajiya mai jinkiri, da mai dabbobin da ke tunanin ko ya rage garke kafin farashi ya karye, dukansu caca suke yi da damina. Hasashen da ya inganta ko da kaɗan kuɗi ne a aljihu, wani lokaci ma rai ne. Kuma yanzu ba fari kaɗai ake tsoro ba. A Satumban 2020 kogi ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, ya fasa shinge ya shiga unguwanni. A daminar 2024 ɗaruruwan mutane suka rasu a ambaliya, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube.

To, mene ne horon masanin teku? Nan ne yawancin masu yanke shawara ke yin kuskure, domin sun saba auna ilimi da takarda. Tushen aikin lissafi ne da fizik, ko kimiyyar halittu ga mai son fannin kifi, kuma wannan tushe jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram suna ba da shi. Abin da ba a samu a aji shi ne aikin jirgi. Ɗalibi yakan yi makonni a tsakiyar ruwa ba ya ganin tudu, ana karɓa-karɓar aiki dare da rana, ana zura na'urar awo da igiyar ƙarfe har zurfin mita dubu biyu ko fiye, tana auna zafi da gishiri da iskar da ke cikin ruwan, a jawo ta a ɗebi ruwan kwalabenta a gwada a ɗakin gwajin jirgin don a tabbatar na'urar ba ta yi ƙarya ba. A nan mutum ke koyon cewa lambar da ke kan allon kwamfuta wani ne ya sha amai da rashin barci kafin ya samo ta, a nan kuma yake koyon gane lambar da ta lalace. Tun 1997 ƙasashen Faransa da Burazil da Amurka suke kula da wasu tasoshin awo kusan ashirin da aka ɗaure da anga a tsakiyar Atlantika, shirin da ake kira PIRATA. Kowace tasha tana aiko da zafin ruwa har zurfin mita 500 da ƙarfin iska ta tauraron ɗan Adam, kuma kowace shekara sai jirgi ya je ya sauya su, domin gishiri na cinsu, masu kamun kifi kuma na lalata su. Ban da su akwai wasu na'urori kusan 4000 na shirin Argo da ke yawo a tekunan duniya, kowace tana nutsewa mita 2000 ta taso duk kwana goma ta aiko da rahoto. Duk waɗannan bayanai kyauta ne, kowa na iya saukar da su ta intanet daga Tawa ko Difa. Abin da ba kyauta ba shi ne kan da zai iya karanta su.

Wannan kai kuwa ba a gina shi sau ɗaya a gama. Na'urori na sauyawa, taurarin ɗan Adam na sauyawa, harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da su na sauyawa, kuma mujallun da ake buga sakamako a cikinsu kusan duk da Turancin Ingilishi suke, abin da ke zama shinge na biyu ga wanda ya yi karatu da Faransanci. Masanin da ya yi shekara biyar bai hau jirgi ba, bai halarci kwas ba, bai sami kuɗin zuwa taron takwarorinsa ba, ya zama kamar direban da ke da lasisi amma ya shekara goma bai taɓa sitiyari ba. Takardarsa na nan a bango, aikin ya wuce shi.

Ba a buƙatar Nijar ta sayi jirgin ruwa ko ta buɗe sashen ilimin teku a wata jami'arta. Wanda ya kawo wannan shawara shi ne ya cancanci dariyar. Maƙwabta sun riga sun gina makarantun. A 2006, lokacin babban binciken damina da aka kira AMMA, jiragen sama masu awo suna tashi daga filin jirgin Yamai, a daidai lokacin kuma jirgin ruwan bincike na Faransa yana auna mashigin Gine daga Kwatanu, domin masu binciken sun san sama da tekun abu ɗaya ne. Bayan wannan aiki ne, a 2008, aka buɗe karatun masta na ilimin teku a Jami'ar Abome-Kalabi ta Benin, tare da cibiyar bincike ta IRD da Jami'ar Tuluz, aka horar da matasa daga Benin, Togo, Kamaru, Kwaddebuwa, Najeriya da wasu ƙasashe, da dama daga cikinsu suka ci gaba har doktora. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke ɗaukar nauyinsa kuma Nijar tana ciki, ya raba fannoni tsakanin ƙasashe: Jami'ar Abdu Mumuni ta karɓi fannin sauyin yanayi da makamashi, tsibiran Kap-Ber suka karɓi fannin sauyin yanayi da ilimin teku a garin Mindelo tun 2019, kuma ɗaliban can sun hau jiragen binciken Jamus sun yi aiki a cikin ruwa. A fannin kifi akwai cibiyar CRODT a Dakar, da IMROP a Nuwadibu ta Moritaniya, da cibiyar binciken teku ta Abijan, da NIOMR a Legas, ga kuma jirgin Dr Fridtjof Nansen na Norwe wanda tun 1975 yake aiki da hukumar FAO yana ƙidayar kifin gaɓar Afirka tare da masana na ƙasashen. Kujeru dai akwai su.

Har doka ma ta tanadi haƙƙin. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Montego Bay ta Jamaika a 1982, ta fara aiki a 1994, Nijar kuma ba ta tabbatar da ita ba sai a 2013. Ƴan kasuwa da hukumar CNUT sun san sashenta mai ba ƙasar da ba ta da gaɓa ƴancin wucewa da kayanta zuwa tasha. Amma aya ta 69 ta ba irin wannan ƙasa damar samun rabo daga rarar kifin ruwan maƙwabtanta, bisa yarjejeniya da su. Aya ta 254 ta ce idan za a yi binciken kimiyya a ruwan maƙwabciya, a sanar da ƙasar da ba ta da gaɓa, kuma a ba ƙwararrun da ta zaɓa damar shiga idan hali ya yi. Ƙwararru dokar ta ce, ba ta ce wakilai ba. Ma'adinan ƙarƙashin tekun da ba na kowa ba kuwa an ayyana su gadon bil Adama duka, kuma duk kamfanin da hukumar da ke Kingston ta ba izinin bincike a can wajibi ne ya horar da ƴan ƙasashe masu tasowa. A 2023 aka ƙara wata yarjejeniya a kan halittun tsakiyar teku, ita ma da babi guda a kan horo. Haƙƙin da ba a da mutumin da zai je ya karɓe shi yana nan a takarda, ma'aikacin diflomasiyya ya je taro ya ɗaga hannu tare da jama'a ya karɓi kuɗin hanya ya dawo.

Tun Mayun 2024 kuma ƙasar ta shiga teku da ƙafarta, ko ta so ko ta ƙi. Bututun da ya taso daga Agadem ya yi tafiyar kusan kilomita 2000 ya faɗa Seme a gaɓar Benin, inda ake yi wa jiragen dakon mai lodi a cikin ruwa. Seme tana dab da iyakar Najeriya, igiyar ruwan wannan gaɓa kuma galibi gabas take nufa. Allah Ya kiyaye, amma ranar da mai ya malala, masunta suka yi kuka, lauyoyin kamfanonin inshora suka zo da taswirori da lissafin inda iska da igiya suka kai man da kuma ko nawa ne diyyar, wa zai zauna a ɓangaren Nijar ya ce wannan lissafi daidai ne, wancan an yi masa ƙari? Za a ɗauko ƙwararre na haya daga waje, a biya shi a mako abin da zai horar da ɗan ƙasa shekara guda, ya rubuta rahoton da babu mai iya tantance shi a gida. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Rikicin iyaka da Benin da ya biyo bayan Yulin 2023, lokacin da kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, ya isa ya nuna cewa maƙwabci na iya zama abokin shari'a a dare ɗaya.

Ga kuma kifin ƙanƙara da ake sauke kwalayensa a Yamai da Maraɗi, naman talakan birni. Ƙananan kifayen gaɓar Moritaniya da Senegal, waɗanda suka ciyar da Afirka ta Yamma shekara da shekaru, masana na FAO sun daɗe suna cewa ana kama su fiye da yadda suke hayayyafa, ga ɗumamar ruwa na tura wasunsu arewa, ga masana'antu a Nuwadibu da Gambiya na niƙa su su zama garin abincin kifin kiwo na Turai da Asiya, ana zuba kilo huɗu ko biyar na ɗanyen kifi kafin a sami kilo ɗaya na gari. Mai shigo da kifi da ya san wannan zai san dalilin da kwali ke tsada da kuma inda farashi ya dosa. Dabarun ƙidayar kifi da auna lafiyar ruwa da ake koyo a Dakar ko Nuwadibu kuwa ba su tsaya ga ruwan gishiri ba. Su ne ake buƙata a tafkin Cadi, wanda ya sauko daga murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa ƙasa da 2000 a tsakiyar 1980, kuma bandarsa ke riƙe da tattalin arzikin Difa. Su ne ake buƙata a Komadugu, a Tabalak, a kogin Isa, har a Madarunfan da aka tura matashin can ya koyi iyo.

Za a ce ai Suwis ma ba ta da teku amma ɗanta Jacques Piccard ne ya sauka wuri mafi zurfi a tekun duniya a 1960, sai wani ya amsa cewa Suwis na da kuɗi. Gaskiya ne, don haka a bar Suwis. A dubi Abdu Mumuni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992. A 1969 ya karɓi ragamar ofishin makamashin rana na ƙasa, a lokacin da Nijar ba ta ma da jami'a, likitocinta kuma ba su taka kara sun karya ba. Duk hujjar da ake kawowa yau a kan ilimin teku ana iya kawo ta a kansa a wancan lokaci. Ba wanda ke cewa a ɗebe kuɗin asibiti ko na makarantun firamare. Mutum biyu ko uku a shekara ake magana, yawancinsu ma da kuɗin shirye-shiryen da ƙasar ta riga ta sa hannu a kansu. A shekara goma an sami mutum ashirin zuwa talatin, wanda ya isa a sa wasu a meteyo, wasu a ma'aikatar ruwa da muhalli, ɗaya ko biyu a ma'aikatar man fetur da ta harkokin waje, saura a jami'o'i, musamman ta Difa da aka kafa a 2014.

Amma a nan ne gizo ke saƙar. Tura yaro karatu shi ne sashe mafi sauƙi, kuma shi ne sashen da ƴan siyasa suka fi so, domin ana ɗaukar hoto a filin jirgi. Wahalar tana ranar dawowa. Tun zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da gwamnati ta daina ɗaukar duk mai difloma aiki kai tsaye, ma'aikatan ƙasar nan sun san labarin: mutum ya dawo da takarda a fannin da babu shi a jerin mukaman aikin gwamnati, a yi ta yawo da dosiyensa daga ofis zuwa ofis ana neman takardar da ta yi daidai da tasa, ya yi bautar ƙasa shekara biyu, daga nan ya zama ɗan kwantaragi yana koyar da fizik a wata kwaleji yana jiran albashin da ke makara. Koyarwa ba abin kunya ba ce, amma ba don ita aka kashe kuɗin ba. Wanda ya fi sa'a kuwa cibiyar da ta horar da shi ta riƙe shi a Tuluz ko Kil, kuma ba mai ganin laifinsa. Sai a dawo ana kukan cewa masana suna gudun ƙasa, alhali ƙasar ce ba ta tanadar musu ko kujerar zama ba. Idan ma an ba shi ofis, sai a auna shi da katin jam'iyya ko dangantaka, a naɗa shi darakta ya koma sa hannu a takardun man mota, ilimin ya ruɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya: gurbin aiki, da matsayinsa a dokar ma'aikata, da kwamfuta mai ƙarfi da layin intanet da wutar da ba ta yankewa, da ɗan kasafin da zai ba shi damar hawa jirgin bincike ko zuwa kwas duk shekara biyu, duk ya kamata a rubuta su kafin yaron ya hau jirgin tafiya.

Ƴan kasuwa ma suna da rawar da za su taka, ba sai sun jira gwamnati ba. Manyan attajiran Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda dukiyarsu ke shigowa ta Kwatanu da Lome, suna gina masallatai suna kai mutane Makka, Allah Ya saka musu. Ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya na shekara biyu a Kwatanu bai kai kuɗin tirela guda ba, kuma majalisar ƴan kasuwa na iya sa sharaɗin ya dawo ya riƙa yi wa membobinta bayanin damina da kasuwar kifi da harshen da suke ji.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na ilimin teku, kuma a cikinsu ne kuɗin horo suka fi samuwa. Abin da ake jira daga ma'aikatar ministan ilimi mai zurfi ba ya buƙatar doka ko bashi daga bankin duniya. Ta fito da lissafi a fili: ƴan Nijar nawa ne suka riga suka yi irin wannan karatu a Kwatanu, Mindelo, Dakar ko wani wuri, ina suke a yau, wane aiki suke yi. Ta kuma sa ma'aikaci ɗaya, mai suna da lambar ofis, wanda aikinsa shi ne duk sanarwar neman ɗalibai da ta fito daga waɗannan makarantu ta isa allon sashen fizik da na kimiyyar halittu a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Difa tun da sauran wata guda kafin a rufe karɓar takardu.